Shagon Hotunan Yesu a Jos: Firam Mai Inganci, Fuskokin Turawa

A cikin layukan kasuwanci da ke kewaye da Terminus a Jos akwai wani shagon kayan ibada na Kirista wanda ya fi takwarorinsa yawan hotunan bango, kuma shi wannan sharhi zai duba. Ana samun Littafi Mai Tsarki na Hausa da na Turanci a cikinsa, da littattafan waƙoƙi, da carbin 'yan Katolika, da kyandir, da ƙananan gicciye na katako, amma fiye da rabin bangonsa hotunan Yesu Almasihu ne, manya da ƙanana, an jera su tun daga kusa da ƙasa har zuwa silin. Ina koyarwa a makarantar Lahadi, saboda haka na daɗe ina sayen kayan aiki a wurin, kuma ra'ayina a kansa ya kasu biyu. Ta fuskar ingancin firam da riƙon amana da tarbar baƙo, shagon ya cancanci yabo, kuma zan iya tura kowa can ba tare da wata shakka ba. Ta fuskar abin da ke cikin firam ɗin kuwa, shagon yana sayar wa mutanen Filato da Bauchi da Kudancin Kaduna fuskokin Turawa da sunan Bayahude ɗan ƙasar Galili, kuma babu wanda ke gaya wa mai saye zanen wa yake ɗauka zuwa gidansa. Na sakaya sunan shagon ne domin wannan aibi ba nasa ba ne shi kaɗai.

Firam iri biyu ne a shagon. Na farko na katako ne da gilashi, wanda wani kafinta yake haɗa musu a nan cikin gari, kuma shi ne wanda ya dace a kashe wa kuɗi: kusurwoyinsa sun kama juna sosai, an rufe bayansa da siririn katako, an kuma sa masa ƙugiyar ƙarfe biyu maimakon igiya ɗaya, ta yadda ba ya karkacewa a bango. Na biyu na roba ne mai ruwan zinariya, wanda uwar shagon ta ce tana saro shi daga Onitsha. Yana ɗaukar ido daga nesa, amma idan aka juya shi sai a ga bayansa kwali ne da aka danne da ƙananan ƙusoshi, kuma damina ɗaya ta Jos ta ishi kwalin ya sha danshi ya lanƙwashe, hoton kuma ya manne da gilashi ya yi tabo. Wanda kuɗinsa bai kai na katako ba gara ya sayi hoton takarda da aka lulluɓe da leda, ya kafa shi da ƙusa, domin ya fi na robar daɗewa kuma ya fi shi arha nesa ba kusa ba. Akwai kuma agogon bango mai hoto, da wani irin hoto mai canzawa idan an gusa gefe, wanda ke buɗe ido ya rufe. Waɗannan kayan burge yara ne, kuma injin agogon ba shi da ƙarko.

Abu ɗaya da mai saye zai kula da shi shi ne kada ya karɓi hoton da aka daɗe da ratayewa a bakin ƙofa. Rana tana fara cinye jan launi da rawaya a irin wannan bugun, ta bar shuɗi, saboda haka hotunan da ke waje sun koma fari fat, idanun kuma sun ƙara shuɗi fiye da yadda mai zanen ya yi su. A nemi a ɗauko sabo daga cikin kwali, kuma ba sa ƙin yin haka. Ana yin ciniki, amma ragin ba shi da yawa, sai ga wanda ya sayi da dama domin coci ko makaranta.

Hoton da ya fi yawa a shagon, wanda ke kan kalanda da sitika da bangon littafin addu'a, shi ne na mutumin nan da ya juya gefe yana kallon sama kaɗan, gashinsa mai ruwan ƙasa da ɗan haske ya zubo bisa kafaɗa, haske kuma yana dukan goshinsa. Yaron shagon yana kiransa "na gargajiya", alhali zanen ƙarni na 20 ne. Warner Sallman ne ya zana shi, wani mai zanen tallace-tallace a birnin Chicago na Amurka, wanda iyayensa suka yi ƙaura daga arewacin Turai, uba daga Finlan, uwa daga Suwidin. Ya fara yin sa da gawayi a 1924 domin bangon wata mujallar matasa ta cocinsu, sannan ya maimaita shi da fenti a 1940. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya yaɗa shi, domin an buga shi a ƙananan katuna aka raba wa sojojin Amurka su sa a aljihu, daga nan ya bi 'yan mishan da kalandu zuwa kowace nahiya, har ana ƙiyasta cewa an buga shi fiye da sau miliyan 500. Ba na musun cewa zane ne mai sanyaya zuciya, kuma dabarar Sallman ita ce ya yi shi tamkar hoton da aka ɗauka a situdiyo, babu fage a bayansa, babu almajirai, babu labari, fuska ce kawai da kafaɗa kamar ta ɗan uwa da ke jikin bangon falo. Wannan dabarar ce ta sa mutane da yawa suke ɗaukarsa a matsayin kamannin gaske, alhali siririn hancin nan da hasken gashin da launin idanun duk na mutanen da Sallman ya tashi a cikinsu ne.

Sashen 'yan Katolika yana gefen dama, kuma a nan ma labarin ɗaya ne. Hoton Tsattsarkar Zuciya, wanda Yesu yake nuna zuciya mai harshen wuta da ƙaya kewaye da ita, ya samo asali daga zanen da Pompeo Batoni ya yi a 1767, wanda ke cocin Gesù a birnin Rum, kuma fuskar ta saurayin Italiya ce. Hoton Jinƙan Allah, mai haske biyu, ja da fari, da ke fitowa daga ƙirji, na ƙasar Folan ne. Eugeniusz Kazimirowski ya yi na farko a 1934 a birnin Vilnius bisa bayanin Sista Faustina Kowalska, wanda kuma ya fi yaɗuwa shi ne na Adolf Hyła na 1943. Ita Faustina ɗin da kanta ta rubuta cewa ta yi kuka da ta ga zanen farko, domin bai kai abin da ta ce ta gani ba. Akwai kuma addu'ar Gatsemani ta Heinrich Hofmann da Makiyayi Mai Kyau na Bernhard Plockhorst, dukansu Jamusawa na ƙarni na 19, da Jibin Ƙarshe da Leonardo da Vinci ya zana a bangon wani gidan sufaye a Milan tsakanin 1495 da 1498. Bugun na Leonardo bai yi kyau ba ko kaɗan, an cika masa launi har fuskokin almajiran suka zama iri ɗaya.

Wanda ya fi damuna shi ne wani babban hoto da ke bayan kanta, na mutum mai ramammiyar fuska da idanu shuɗi masu kaifi, da rawanin ƙaya a kansa. Ina tsaye wani saurayi ya shigo neman kyautar biki, ya duba na Sallman ya ajiye, ya duba na Batoni ya ajiye, sannan ya ce, "Mama, waɗannan duk zane ne, ki ba ni na ainihin, wancan da aka ɗauka da kyamara." Ta miƙa hannu ta sauko masa da shi tana cewa, "Ka iya zaɓe, ɗana, shi aka fi saye." Lalle da kyamara aka ɗauke shi, amma mutumin da ke ciki Robert Powell ne, ɗan wasan kwaikwayo ɗan Ingila, wanda ya fito a matsayin Yesu a fim ɗin talabijin da Franco Zeffirelli ya shirya a 1977. Bayan saurayin ya tafi na gaya mata haka, sai ta yi dariya ta ce, "Malam, na sani ɗan fim ne, amma su shi suke tambaya, ni kuma kasuwa na fito." Amsarta gaskiya ce, kuma ba na zarginta da yaudara, amma akwai bambanci tsakanin zanen da mai fasaha ya ƙaga domin ibada da hoton wani ɗan Adam sananne, mai suna da gari, wanda za a rataye a ɗakin amarya ana durƙusawa a gabansa. Da a ce an liƙa 'yar takarda a bayan kowane firam mai ɗauke da sunan mai zanen da ƙasarsa da shekara, da rabin ƙorafina ya kau, kuma wannan ba zai ci mata ko kwabo na a zo a gani ba.

Abin mamaki shi ne littafin da ake sayarwa a ɗaya bangon shagon bai goyi bayan ko ɗaya daga cikin waɗannan fuskoki ba. Matiyu da Markus da Luka da Yahaya babu wanda ya faɗi tsawon Yesu, ko launin fatarsa, ko irin gashinsa. Abin da suka nanata shi ne asalinsa: zuriyar Ibrahim da Dawuda ce, an haife shi a Baitalami, ya girma a Nazarat, an yi masa kaciya a rana ta takwas, kuma matar nan Basamariya ta gane shi Bayahude ne tun farkon maganarsu a bakin rijiya. Sauran sai dai a tsinta daga gefen labari. A daren da aka kama shi, sai da Yahuza ya yi wa masu kamun alama da sumba, abin da ke nuna cewa bai bambanta da sauran mutanen Galili da ke tare da shi ba. Da fari ne sol mai idanu shuɗi a cikinsu, da nuni da baki ya isa. Maryamu Magadaliya, da ta gan shi bayan tashinsa daga matattu, ta zaci mai aikin lambu ne. Markus ya kira shi masassaƙi, wato mai aikin hannu, kuma shekarun hidimarsa a ƙafa ya yi su cikin ranar ƙasar Yahudiya da Galili. Ishaya 53:2, wadda Kirista tun farko suka ɗauka a kansa take magana, cewa ta yi ba shi da wata siffa ko kyan gani da za su ja hankali. Wasu suna kafa hujja da Wahayin Yahaya 1:14-15, inda aka ce gashinsa fari ne kamar ulu, ƙafafunsa kuma kamar gogaggiyar tagulla, su ce ga shaidar baƙar fata da murɗaɗɗen gashi. Amma a wannan wahayin an kuma ce idanunsa kamar harshen wuta ne kuma takobi yana fitowa daga bakinsa, saboda haka ba kwatancen mutumin da ya yi tafiya a bakin tekun Galili ba ne. Dogon gashin da ke kowane hoto a bangon shagon shi ma yana da matsala, domin Bulus, wanda ya san Bitrus da Yakubu ɗan'uwan Ubangiji ido da ido, ya rubuta a 1 Korintiyawa 11:14 cewa dogon gashi abin kunya ne ga namiji.

Masana tarihi ba su samo fuskarsa ba, amma sun san kamannin mutanen ƙasarsa a zamaninsa. A 2001 tashar BBC ta sa Richard Neave, ƙwararren mai sake gina fuska daga ƙoƙon kai wanda ya yi aiki a Jami'ar Manchester, ya gina fuskar Bayahuden ƙarni na farko, sai ga mutum mai faffaɗar fuska da babban hanci da gajeren gashi baƙi mai murɗe, fatarsa kuma ta sha rana. Ba Yesu ba ne, wani ne daga cikin mutanensa, amma ya fi duk abin da ke bangon shagon kusa da gaskiya. Farfesa Joan Taylor ta King's College da ke Landan, wadda ta fitar da bincikenta a kan wannan batu a 2018, ta duba ƙasusuwa da tsabar kuɗi da tufafin da aka tono, ta kai ga cewa mafi yiwuwa shi ne mutum mai tsawon kimanin santimita 166, mai baƙin gashi gajere da gemu, idanu masu ruwan ƙasa, fata kuma irin ta Yahudawan Iraƙi na yau, sanye da taguwa mai tsayawa a gwiwa da mayafin ulu mai tuntaye a gefe, irin wanda mace mai zubar jini ta taɓa. Su Yahudawan ma sun kwatanta kansu: a cikin Mishna, tarin koyarwar malaman Yahudawa wadda aka tattara wajen shekara ta 200, Rabbi Isma'ila ya ce 'ya'yan Isra'ila ba baƙaƙe ba ne kuma ba farare ba, tsaka-tsaki ne. A Hausa mutumin da aka kwatanta haka wankan tarwaɗa ne, irin wanda zai wuce a kasuwar Agadas ko ta Yamai ba wanda ya waiga ya kalle shi.

Akwai wani kati da ake sayarwa kusa da kanta wanda nake ba da shawarar a guje shi gaba ɗaya. An buga masa wani rubutu da Turanci da aka ce wasiƙa ce da wani Lentulus, gwamnan Yahudiya, ya aika wa majalisar Rum yana siffanta Yesu: gashi mai tsaga a tsakiya yana zubowa bisa kafaɗa, goshi marar tamoji, fuska marar tabo, gemu mai rabuwa biyu. Babu wani Lentulus a jerin gwamnonin Yahudiya, babu marubucin Kirista na farko da ya san wasiƙar, kuma sai bayan fiye da shekara dubu ta bayyana a Turai. Tun a ƙarni na 15 malamin nan na Italiya Lorenzo Valla ya ce ƙirƙira ce. Wanda ya rubuta ta zane-zanen zamaninsa ya kalla ya kwatanta, masu zanen da suka biyo baya kuma suka mayar da ita hujja. Haka nan jita-jitar da ke yawo a WhatsApp cewa duk hotunan Yesu fuskar Cesare Borgia ce, ɗan Fafaroma Alexander na Shida, ba ta da tushe, kuma abin da ke ƙaryata ta yana cikin wannan shagon, a cikin wata durowa da ba a buɗewa sai an tambaya.

Wannan durowar ita ce dukiyar shagon, kuma abin takaici ne a ce an ɓoye ta. A cikinta akwai 'yan hotuna da wani fada ya kawo wa uwar shagon suka ƙi sayuwa. Na farko kwafin zanen Almasihu Mai Iko Duka ne da ke gidan sufaye na Saint Catherine a gindin Dutsen Sina'i a Masar, wanda aka yi da kakin zuma mai launi a ƙarni na 6, wato kusan shekara ɗari tara kafin a haifi Borgia a 1475. Yana da gemu da dogon gashi mai duhu da idanu masu duhu, kuma ɓangarorin fuskar biyu ba su yi daidai ba: idan ka rufe rabi da hannu ka ga mai taushin zuciya, ka rufe ɗaya rabin ka ga alƙali mai ɗaure fuska. Shi ma ba kamannin gaske ba ne. Zane-zanen da suka girme shi, irin na warkar da shanyayye da aka tono a wani gidan ibada a Dura-Europos ta Siriya, wanda aka yi wajen shekara ta 235, da na Makiyayi Mai Kyau a maƙabartun ƙarƙashin ƙasa na Rum, saurayi suke nunawa marar gemu mai gajeren gashi. Gemu da dogon gashi da kursiyi sun kafu ne daga ƙarshen ƙarni na 4, bayan daular Rum ta rungumi addinin, lokacin da masu zane suka ari siffar da aka saba ba sarakuna da manyan allolin Girka domin su nuna ɗaukaka. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya riga ya lura cewa kowa yana ƙaga fuskar Ubangiji a zuciyarsa ta hanya dabam, ko da yake fuska ɗaya ce yake da ita. Duk da haka, a cikin abin da ake iya saye a Jos, na Sina'i ne ya fi nauyi da daraja, kuma bugunsa a takarda mai kauri ne marar ƙyalli.

A ƙarƙashinsa akwai zanen Habasha biyu, masu manyan idanu da fata mai ruwan ƙasa da launuka masu ƙarfi, daga cocin da ya kafu tun ƙarni na 4, tun kafin yawancin arewacin Turai ya ji bishara. Sai kuma waɗanda na fi so domin aji, wato 'yan kwafi daga jerin zanen Yesu na Mafa. An fara wannan aiki a shekarun 1970 a arewacin Kamaru, inda Kiristocin ƙabilar Mafa suka riƙa yin wasan kwaikwayon labaran bishara a ƙauyukansu ana ɗaukarsu hoto, sannan wata mai zane Bafaranshiya ta mayar da su zane fiye da sittin. A cikinsu Yesu baƙi ne sanye da jan mayafi, bikin Kana a tsakar gida ake yinsa da tuluna, ana cin jibi a cikin ƙwarya, duwatsun Mandara kuma suna tsaye a baya. Ranar da na kai na ɗa mubazzari aji, yaran sun fi mintuna suna nuna bukkoki da rumbu da awaki, suna cewa kamar ƙauyen kakarsu, kuma a ranar ba sai na maimaita labarin sau biyu ba. Nijeriya ma tana da irin nata, tun daga sassaƙar Lamidi Fakeye da abokan aikinsa a cibiyar da fada Kevin Carroll ya jagoranta a Oye-Ekiti daga 1947, zuwa Hanyar Gicciye da Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi karatun zane a Zariya, ya yi wa wani coci a Ebute Metta ta Legas a ƙarshen shekarun 1960. Babu ko ɗaya daga cikinsu a shagon, uwar shagon kuma ba ta taɓa jin labarinsu ba.

Kada a fahimce ni da cewa ina neman a sauke farin Yesu a rataye baƙi a ce shi ne na gaskiya, domin na Mafa ma ba kamanninsa ba ne, kuma su da suka yi shi sun san haka. Ɗan Italiya da ya zana shi da fuskar ɗan Italiya bai yi laifin da ɗan Habasha bai yi ba. Inda abin ya ɓaci shi ne lokacin da zanen al'umma ɗaya ya iso wa sauran jama'a tare da mulkin mallaka, ya zauna a matsayin hoto na haƙiƙa, har yaro ya tambayi malaminsa ko Yesu Bature ne. Kuma an taɓa yin siyasa mai muni da wannan fuska: a 1939 wasu malaman tauhidi a Jamus sun kafa cibiya a garin Eisenach domin su raba Yesu da Yahudanci su mayar da shi ɗan jinsinsu, a Afirka ta Kudu kuma gwamnatin wariyar launin fata ta haramta zanen da Ronald Harrison ya yi a 1962, wanda ya sa fuskar Albert Luthuli, baƙar fata jagoran masu yaƙi da wariyar, a kan gicciye. Maƙwabtanmu Musulmi ba sa zana annabawa, saboda haka wannan kasuwa ba ta shafe su ba, amma a cikin Sahihul Buhari akwai ruwayar da ta siffanta Annabi Isa da matsakaicin tsawo da ɗan ja-ja kamar wanda ya fito daga wanka, da wata ta Ibn Umar da ta ce mai duhun fata ne kyakkyawa, gashinsa yana kaiwa kafaɗa. A cikin Kirista ma, majami'u da yawa na arewa ba sa rataye hoto a ɗakin sujada saboda Fitowa 20:4, sai dai kalandar da ke gidajen membobinsu ita ce ta Sallman.

Ga wanda zai saya, shawarata ita ce ya nemi a buɗe masa durowar kafin ya kalli bango, ya ɗauki na Sina'i domin falo ko ofis, na Mafa kuma domin yara, ya ba da a sa masa a firam na katako. Wanda zuciyarsa ta saba da na Sallman ko na Jinƙan Allah ya saya, domin bugunsu mai tsabta ne idan sabo ne, amma ya rubuta sunan mai zanen da shekara a bayansa saboda 'ya'yansa. Hoton ɗan fim da katin Lentulus kuwa ba su cancanci kuɗin kowa ba.

Hidimar shagon ba ta da abin kushewa. Na taɓa isa gida na tarar da tsaga a kusurwar gilashi, na mayar washegari, aka canza mini ba tare da jayayya ko ƙarin kuɗi ba, ko da yake ba a iya tabbatar da inda ya fashe ba. Suna karɓar tsabar kuɗi da tiransifa, suna ba da rasit idan an nema, kuma ba sa buɗewa ranar Lahadi. Firam na musamman yana ɗaukar 'yan kwanaki domin sai an kai wa kafinta awo, kuma ana biyan rabin kuɗi tun farko. Mai tafiya nesa, zuwa Bauchi ko Kafanchan ko Langtang, ya gaya musu tun kafin a naɗe, domin a nan ne suke sa kwali biyu su manna salatif a kan gilashin. In ba a faɗa ba, jarida kawai suke naɗawa, wadda ba ta jure kaya a bayan motar haya. Kwafin Mafa da suka rage kaɗan ne, uwar shagon kuma ta ce ba za ta sake nemo su ba sai an samu masu ajiye kuɗi tukuna.